Layin da Aka Bar wa Silvana

"Soke wannan ma," in ji Dokta Altamiro.

Dona Zulmira ta matso da takardar kusa da fuskarta, don tabaraunta ya daɗe da gajiya. "Wanne kuma?"

"Layi na uku. 'Masoyin kowa da kowa.' Kin bi su ɗaya bayan ɗaya kin tambaya? Ni kaɗai na san mutum goma sha biyu a São Paulo da za su buɗe kwalba ranar da aka binne ni."

"Haba Dokta. Haka ake rubutawa a katin kowa. Ko na mijina haka aka rubuta, kuma kai ka san Osvaldo."

"Na san shi. Shi ya sa na ce ki soke."

Ta soke, tana ƙunƙuni. Yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, bargo a kan gwiwa, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga. Abin da suke rubutawa shi ne ɗan katin nan mai hoton mamaci da ake rabawa a ƙofar coci ranar addu'ar kwana bakwai. Kowa yakan bar wa danginsa wannan aiki su yi bayan ya tafi. Shi kuwa, ranar da likita ya ce masa zuciyarsa ta gaji, ya koma gida ya huta, sai ya aiki Cida mai jinyarsa ta kirawo masa maƙwabciyarsa, ya ce ta taho da biro. Kwana biyu Dona Zulmira ta yi tana tsara kalmomi masu daɗi, ga shi cikin minti goma ya yi musu kaca-kaca.

"'Gwarzon aikin jarida,'" ta karanta.

"Ban taɓa rubuta labari ko guda ba. Shafi nake sayarwa."

"To in ce me? 'Tsoho mai taurin kai'?"

"Wannan kam kina da shaidu."

Ta yi dariya ba don tana so ba. Sai idonta ya sauka a layi na ƙarshe, ta karanta shi a hankali. "'Uba nagari.'"

Bai ce ta soke ba. Hannu ya miƙo, ta ba shi takardar, ya zaro jan bironsa daga aljihun riga ya ja layi a kai da kansa, layi guda miƙaƙƙe.

"Hujjar wannan ba a wurina take ba," in ji shi.

"To a sa 'Uban Silvana' kawai. Wannan ai babu ƙarya a ciki, takardar haihuwa tana nan."

"Ba a sa sunan mutum a talla sai da izininsa, a rubuce, da sa hannunsa, haka ƙa'idojin talla suka ce. Sashe na sha tara. Ni na rubuta shi."

"Katin mutuwa ne fa, Dokta, ba tallan sabulu ba."

"Bugawa ake yi? Jama'a ake rabawa? So ake su yarda da abin da ke ciki? To talla ne." Ya mayar mata da takardar. "Ki bar layin a buɗe. In ta ba da izini, a cike. In ba ta bayar ba, a buga shi haka da filinsa. Ki yi mini alkawari, maƙwabciya."

Ta yi masa alkawari. Da ta san nauyin abin, da ta ce kek ɗinta na kan wuta ta gudu.

Shekara goma sha biyu ke nan da ya dawo titin nan na unguwar Cambuci, bayan rasuwar matarsa. Ya bar katafaren gidansa na saman bene ya koma ɗan gidan da aka haife shi, mai bishiyar jabuticaba a baya. A makon farko ya tsaya a ƙofar Dona Zulmira, inda ta rataye allo mai cewa "Kek ɗin masara mafi daɗi a São Paulo." Ya karɓi yanka guda, ya cinye a tsaye, ya share baki, sannan ya ce, "Da daɗi. Amma kin ɗanɗana na kowa?" Ita kuma ta ce masa in bai gamsu ba ya amayo mata abinta. Daga nan aka fara.

Kullum sai ya zo, kullum sai ya kalli allon ya girgiza kai. Da ya ishe ta, ta goge ta rubuta "mafi daɗi a titin nan." Sai ya tuna mata cewa Dona Nair ta gida mai lamba arba'in ita ma tana gasawa, kuma adalci shi ne a gwada. Aka tara mutanen titi ranar wata Lahadi, aka rufe musu ido, aka ba su na wannan aka ba su na waccan. Dona Nair ta ci da ƙuri'a biyu. Wata guda cur Dona Zulmira ba ta amsa gaisuwarsa ba. Amma daga ƙarshe allon ya tsaya a kan abin da ba mai iya musawa: "Kek ɗin masara. Da zafinsa ƙarfe uku." Shi kuma tun daga ranar, da ƙarfe uku ya yi zai ciro agogonsa ya duba.

Mutanen titi ba su san shi da komai ba sai wannan, tsoho mai gyara allon mutane. Mai sayar da kifi a kasuwar Talata ya daina kiran kifinsa "na yau" in ya hango shi tafe. A hankali, a bakin kofi, Dona Zulmira ta ji sauran labarin. Da sayar da shafukan talla ya fara a wata mujallar mata, yana yawo da jaka daga kanti zuwa kanti, har ya zama shugaban kamfanin ɗab'i mai mujallu bakwai. A zamanin mulkin soja gwamnati ta so ta buɗe ofishin da zai riƙa duba kowane talla ya buga masa hatimi kafin ya fita. Shi da wasu masu mujallu da masu rubuta talla suka ga cewa in soja ya sa hannu a shafin talla yau, gobe sai shafin da ke kusa da shi. Sai suka kulle kansu a ɗakin wani otal wata da watanni suna rubuta wa kansu ƙa'idoji, suka ce za su tsare kansu da kansu. Suka kafa majalisa. Kowa na iya rubuto ƙorafi, ko uwa ce daga ƙauye, a zauna a duba, in mai talla ya kasa kawo hujjar abin da ya faɗa, mujallu da gidajen talabijin su janye tallan ba tare da alƙali ba. Ya taɓa tsayar da injin bugu na kamfaninsa saboda jimla guda a tallan man gashi. In yana ba da wannan labarin har ƙirjinsa yakan ɗan tashi.

Labarin Silvana kuwa sau ɗaya ya ba ta, kuma bai kalle ta ba yana bayarwa. 'Yarsa ce tilo, ita ma ta shiga aikin rubuta talla. Babban aikinta na farko shi ne tallan wani maganin sha na yara, wanda ya ce yaro zai ƙara tsawon taƙi guda a wata uku. Wata uwa ta auna ɗanta a jikin ƙofa, ta rubuto ƙorafi. Ƙa'ida ta ce in ƙara ta shafi ɗan'uwan wani a majalisa, ya tashi ya fita har a gama. Shi ya rubuta wannan ma. Amma bai fita ba. Ya zauna, ya fi kowa dogon bayani, ya riga kowa ɗaga hannu. Tallan ƙarya ne, wannan babu musu, ko ba ya nan da an janye shi. Abin da ya biyo baya ne ya ɓata komai: wata mai zuwa ya cika shafi guda a mujallarsa yana nuna wa duniya cewa majalisa ba ta da ɗan gida, ya kuma buga sunan 'yarsa cikakke a ciki. Bayan wannan babu kamfanin da ya ƙara ɗaukarta a garin. Ta tattara ta koma birnin Curitiba, shekara goma sha tara ke nan. Ko ranar da aka binne uwarta, a ɗaya gefen kabarin ta tsaya.

"Sau ɗaya na buga sunanta ban tambaye ta ba," in ji shi a ranar. "Ba zan yi na biyu ba."

Don haka ba wanda zai kira Silvana sai Dona Zulmira. Ya ba ta lambar a wata tsohuwar takarda da ta yi laushi saboda naɗewa da warwarewa.

"Ki faɗa mata abin da likita ya ce, mako biyu zuwa wata biyu. Kada ki rage, kada ki ƙara. Ki ce akwai layin da aka bar mata."

"Shi ke nan? Ba zan ce kana son ganinta ba?"

"In na ce haka na matsa mata. Ba a sayar wa mutum kaya da tsoro, ba a sayar masa da tausayi."

"Kai da sassanka. 'Yarka ce fa, ba mai sayen man gashi ba."

"Zulmira," ya ce, kuma bai taɓa kiran sunanta ba tare da laƙabin girmamawa na Dona ba sai ranar. "Na san ki da gishiri. Kada ki zuba."

Ta koma gida ranta a ɓace. Shekara talatin tana ciniki a bakin ƙofa, ta san babu abin da ke tafiya ba a ɗan tura shi ba. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ta zauna a kicin ta shirya maganarta tsaf. Za ta ce ya daina cin abinci. Za ta ce yana kiran sunanta cikin barci. Wa zai sani? In yarinya ta zo, ai sai ya gode mata, ko ya yi fushin wata guda kamar yadda ta yi masa, su zama sun yi canjaras.

Wayar ta yi ƙara sau biyar kafin wata murya ta ɗauka, murya mai kaurin ta ubanta. Dona Zulmira ta faɗi ko ita wace ce, ta faɗi abin da likita ya ce, ta faɗi maganar kati da layin da aka bari. Daga can ɓangaren tana jin haushin wani kare daga nesa.

"Dona Zulmira, in tambaye ki. Shi ya ce yana son ganina?"

Ƙaryar tana kan harshenta, a shirye, da ɗuminta. Ta tagar kicin tana hango kansa ta saman katanga, farin gashin nan da Cida ta taje masa. Ta buɗe baki, sai ta ji abin ya ƙi fita.

"Bai ce ba, 'yar nan."

"Na gode da kika faɗa mini gaskiya. Ina da aiki a hannu. Wataƙila ƙarshen wata in duba."

Da ta shiga wurinsa da yamma bai tambaye ta komai ba, sai da ta gaji da shirun ta faɗa da kanta. "Ta tambaya ko ka ce kana son ganinta."

"Kika ce me?"

"Abin da ka ce in ce."

"Madalla," in ji shi. Ya juya fuskarsa wajen titi, ya daɗe yana gyara bargon da babu abin da ya same shi.

Washegari ta tarar an juya kujerar. A da tana fuskantar ƙofar gidanta ne, inda allon yake, yanzu kuwa tana kallon gangaren da motoci ke hawowa daga babban titi. Ya yi aski, ya sa farar riga gugagga irin ta fita. Da ta ajiye masa kek ɗinsa sai ya ce daga yau yanka biyu zai riƙa karɓa.

"Kai da rabin guda ke gagararka?"

"Ciniki na kawo miki, kina ƙorafi?"

Ya sa Cida ta ɗora na biyun a faranti ta kife shi da kwano, aka ajiye a kan tebur. Kullum haka. Da yamma ta yi sai ya ce Cida ta tafi da shi gida ta ba jikokinta. In tasi ta rage gudu a gangaren, maganar da ke bakinsa takan tsaya har sai ta wuce, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya kamar ba a yi komai ba. Dona Zulmira tana gani, abin yana cin ranta. Sau biyu ta ɗaga wayar a kicin ta ajiye. Ta riƙa lallashin kanta da cewa likita ya ce har wata biyu, ƙarshen wata kuma ba nisa.

Ranar Litinin ta mako na biyu ana yayyafi, ta shigo da faranti a ƙarƙashin lema. Ya duba agogo da ƙyar.

"Kin makara minti huɗu."

"Ka kai ni majalisa."

"Zan duba ƙorafin," in ji shi, yana murmushi da gefen baki.

Ranar Talata ta rantse ba zai samu abin faɗa ba. Masu kasuwa suna naɗe rumfunansu, ana wanke titi da ruwa, ita kuma tana tsaye a ƙofarsa da faranti tana jiran ƙararrawar coci. Da ta buga uku ta tura ƙofa. Yana nan a kujerar cikin farar rigarsa, fuskarsa wajen gangare, agogon a tafin hannunsa. Cida tana durƙushe a gefensa, ta ɗago ta kalle ta ta girgiza kai. Ta ce yanzun nan ne, ta je ɗauko masa ruwa ta dawo ta tarar rai ya yi halinsa. Dona Zulmira ta ajiye farantin a kan tebur. Ranar da ta zo daidai, ba wanda ya duba.

Kwana tara ke nan da kiran wayar. Likita ya ce mako biyu ne mafi ƙaranci, shi ma ashe ya ƙara gishiri.

Cida ta kira Curitiba ta faɗa. Aka kwana da gawa a ɗakin makoki na maƙabarta, za a binne da safe. Mutanen titi suka zo da kayansu na coci, Dona Nair har da kuka. Sai ga manyan motoci suna ajiye tsofaffi masu kwat, wasu da sanda, suna gaisawa ƙasa-ƙasa. Mai kifi ya matso kusa da Dona Zulmira ya ce, "Ashe mutumin namu babba ne haka?" Ita dai idonta na ƙofa. Silvana ba ta zo ba.

Wani dogo a cikinsu, da suke kira Dokta Hélcio, ya fito da takarda yana karanta wa sauran sanarwar da za su kai jarida, rabin shafi. "'Yarsa Silvana, da abokan aikinsa, cikin baƙin ciki suna sanar da..."

"Kun nemi izininta?"

Duk suka juyo. Dokta Hélcio ya kalle ta daga gashinta har takalminta na roba. "Uwargida, dangi ce ke?"

"Mai kek ce. Ba a sa sunan mutum sai da sa hannunsa. Sashe na sha tara."

Ya tsaya yana kallonta, sai ya yi wata 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa. "Har nan ya kai shi? Wata uku muka yi muna faɗa da shi a kan sashen nan." Ya zaro biro ya soke kalmomin biyu na farko. "Allah ya jiƙanka, Altamiro. Ko a akwati ba ka bar mutane sun huta ba."

Ta ci wannan gardama, amma ba ta ji daɗin komai ba. Tun daga maƙabarta har gida abu ɗaya take ta tunani. Kalma biyu rak, "ya ce," da mutumin nan ya ga 'yarsa. Shekara talatin tana yi wa mutane ƙananan ƙarairayi a kan kek, ranar da ƙarya za ta yi amfani sai ta zama waliyyiya. Ta yi fushi da shi, ta yi fushi da kanta, ta kuma yi kewarsa har ƙarfe uku ya zama mata lokacin da ta fi tsana.

Addu'ar kwana bakwai ta faɗo ranar Litinin. Seu Nicanor mai maɗaba'ar bakin kwana ya duba takardar ya sosa kai.

"Dona Zulmira, wannan filin na ƙasa fa? Mutane za su ce Nicanor ya tsufa, ya manta layi. In sa ɗan fure? Ko kurciya?"

"Ba fure, ba kurciya."

"To ni Asabar ƙarfe goma sha biyu nake rufewa. In ba ki zo da komai ba, haka zan buga."

"Haka za ka buga."

Yanzu ita ce ke ɗaga kai in tasi ta rage gudu. Ranar Asabar da hantsi tana shara a ƙofar gida, wata tasi ta hawo gangaren ta tsaya a gaban gidan da ke rufe. Wata mata ta fito da ƙaramar jaka, gashinta ya fara furfura, haɓarta sak ta Dokta. Ta tsaya tana kallon tagar. Dona Zulmira ta jingine tsintsiya ta ɗauko makullin gidan.

Suka zauna a falonsa, babu abin da aka taɓa. Silvana ta ce ranar Talata ta sa jaka a mota, ta kai har bakin babbar hanya, ta juya ta koma gida. Ta faɗe shi haka kawai, ba ta nemi uzuri ba.

"Laifina ne, 'yar nan," in ji Dona Zulmira. "Da na ɗan ƙara miki magana a waya, da na ce yana nemanki, da kin same shi da rai."

Ta faɗa ne tana fatan a ce mata a'a.

"Ban sani ba, Dona Zulmira. Wataƙila da na zo. Wataƙila kuma da na ce wannan ba maganar ubana ba ce, in ajiye wayar. Ban sani ba."

'Yar ubanta ce, ba ta iya rarrashi da abin da ba ta tabbatar ba.

"Shekara goma sha tara ina jiran ya ce zo," in ji Silvana. "Har ya mutu bai ce ba. To me zai sa in ba da sunana? Ai ya taɓa ɗauka bai tambaya ba."

"Ni ba zan ce miki yana son ki ba, don bai faɗa mini ba. Abin da na gani kawai zan faɗa. Kin ga kujerar nan? Shekara goma sha biyu ƙofata take kallo. Washegarin da na kira ki ya sa aka juya ta wajen gangare. Kullum sai ya yi aski ya sa farar riga, mutumin da ko ƙofa ba ya iya kaiwa. In tasi ta rage gudu sai maganarsa ta tsaya. Kullum yanka biyu yake karɓa, ɗaya a kife a farantin can, har yamma."

"Kin gani da idonki?"

"Kwana takwas ina gani, na tara na tarar. Cida tana nan, ga lambarta, ki tambaye ta ba a gabana ba."

Silvana ta tashi ta je wajen kujerar. A kan katakon ƙasa ana ganin shaidar ƙafafunta huɗu inda ta daɗe a da, wurin ya fi sauran duhu. Ta sa ƙafa ta shafa ɗaya daga ciki. Ta kalli faranti da kwanon da ke kife a kai.

Dona Zulmira ta jawo aljihun tebur ta ciro ambulan da ya bar mata tun ranar farko, wanda ya ce kada ta bayar sai in an zo. Takarda guda ce a ciki, an buga ta da tsohuwar tafiretarsa: "Ni, mai suna a ƙasa, na ba da izinin a buga sunana a katin Altamiro Rangel Toledo, ba tare da an matsa mini ba." Sai layin sa hannu, da layin kwanan wata. A can ƙasa, da jan biro, ya ƙara: "Na makara shekara goma sha tara."

Silvana ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ta rufe bakinta da bayan hannu, kafaɗunta suna motsi. Dona Zulmira ba ta taɓa ta ba, ta je kicin ta daɗe tana neman kofin da ke gabanta. Da ta dawo, jan biron yana hannun Silvana, an cike layukan biyu.

"Ƙarfe nawa mai bugun yake rufewa?"

"Sha biyu. Saura kwata."

Suka gangara tare, tsohuwar tana haki. Seu Nicanor har ya fara jawo ƙofar ƙarfe. Dona Zulmira ta shimfiɗa masa takardar izinin a kan teburin shagon, shi kuwa ya ce shekara arba'in yana buga katin matattu, bai taɓa ganin wanda ya zo da takardar shaida ba. Ya koma ciki ya kunna inji.

Ranar Litinin aka raba katin a ƙofar coci. Hotonsa ne da hula, sai sunansa, da shekarar haihuwa da ta rasuwa. A ƙasa an rubuta: "Ya sayar da shafuka. Ya hana ƙarya shiga wasunsu." Sai layi na ƙarshe, "Uban Silvana." Dona Nair ta juya bayan katin tana neman sauran, ta ce ita ba ta taɓa ganin kati mai rowar magana haka ba.

Da ƙararrawa ta buga uku, Dona Zulmira ta fitar da kek daga wuta. Sai da ta tsallaka ƙofar gidan Dokta ta lura yanka biyu ta yanko. Silvana tana zaune a kujerar bakin taga, agogon ubanta a cinyarta, katin a jingine da gilashi. Dona Zulmira ta ɗora yanka guda a farantin nan na kan tebur, ta miƙa hannu za ta kife kwanon kamar yadda aka saba, sai ta fasa. Ta miƙa mata farantin a buɗe, ita kuma ta jawo kujera ta zauna da ɗayan. A ƙasan gangare wata tasi ta rage gudu, ta wuce, suna ci da zafinsa.